Kafin ki sa a shafa fenti: yadda ake zaɓen kalar ɗaki a Yamai

Shekara uku da sunka wuce, da munka bar haya munka koma namu gidan a Banifandu, ni na matsa wa maigida sai an yi min salon ruwan goro. A waya na gani, wani salon ne na ƙasar Turkiyya, kyau kamar ka lashe. Mai fenti ya ce Hajiya ki bari in sassauta shi kaɗan, na ce Malam ba ruwanka, yadda yake a hoto haka nike so. Cikin Janairu anka yi aikin, lokacin ɗari, duk wanda ya shigo sai ya ce masha Allah. Afrilu na kamawa labari ya sha bamban. Tagar salon ɗin yamma take kallo, daga ƙarfe 3 in rana ta faɗo kan bangon nan sai ɗakin ya koma kamar murhu, in kuma kuran ya tafi fanka ta tsaya to shi ke nan, baƙo ba ya daɗewa, ni kaina sai in ga ina ta faɗa da yara ba gaira ba dalili. Inna da ta zo daga Tawa kwana biyu ta yi ta naɗe tabarmarta ta koma baranda, ta ce ɗiyata wannan ɗaki naki ido ba shi da wurin zama.

Maganar Inna ce ta sa na fara lura, kuma tun daga nan na yi wa ƙannena biyu da ɗiyar yayata jere, duk ni na zaɓi kala. To ga yadda nike yi yanzu.

Abu na farko kar ki je kasuwa tukuna. Ki shiga ɗakin ki zauna, da safe sau ɗaya, bayan azahar sau ɗaya, da dare sau ɗaya, ki ga ta ina rana ke shigowa. Ɗakin da ke kallon gabas yana samun ranar safe mai laushi, da la'asar kuma ya yi inuwa, wannan kusan kowace kala yana ɗauka. Mai kallon yamma shi ne fitinanne, shi ke shan ranar la'asar wadda ita kanta ja-ja take, in kinka ƙara mata ja ko ruwan goro ko rawaya mai ƙarfi kin zuba wa wuta fetur. Irin shi sai shuɗi mai haske, ko tsanwa-tsanwa, ko ruwan madara. Ɗakin da kuma katangar maƙwabci ta tare wa haske, wanda ko da rana tsaka sai an kunna ampul, shi kar ki sa mishi ruwan toka ko shuɗi mai duhu, zai zama kamar rijiya, mutum ya tashi da safe jiki a mace. Shi ne ke son ruwan madara mai ɗan rawaya, ko ruwan zuma mai haske ƙwarai.

Bari in faɗi wani abu dan kar a ce na ruɗi mutane. Kalar bangon ciki ba ta sauke zafin ɗaki yadda kilim ke yi, ido ne da zuciya ke jin bambancin. Amma ta waje da ta rufi wannan zafi ne na gaske, fari na mayar da hasken rana, baƙi da duhu na shanye shi su riƙe. Garin da a Afrilu da Mayu zafi ke wuce digiri 40 kusan kullum, wanda ya shafa wa bangon waje ruwan toka mai duhu dan an ce shi ake yayi, shi ya san abin da zai biya na kuran.

Na biyu, kuma wallahi shi ne zancen duka: ba sunan kalar ke aiki ba, ƙarfinta ne. Kullum ana cewa shuɗi na kwantar da hankali, ja na tayar da shi, akwai gaskiya ciki amma rabi ce. Ki ɗauki shuɗin bula mai ƙarfi ki shafe ɗaki kusurwa huɗu ki gani ko za ki yi barci, ido ne zai dinga yi miki zugi. Ki ɗauki ja kuma ki tsinka shi da fari sosai hal ya koma kamar bangon laka da rana ta dafa, sai ki ga ɗaki ya yi daɗin zama. Duk kalar da ke ihu tana gajiyar da mutum ko mi sunanta, wadda anka sassauta kuma tana barin ka ka huta. Mu dai mun saba da atamfa da shadda masu walƙiya shi ya sa hannunmu ke zuwa ga mai ƙarfi, amma atamfa yadi shida ce kuma da dare za ki tuɓe ta, bango yana nan safe da yamma shekara da shekaru.

Kuma kala tana ƙara ƙarfi in ta hau bango. Ɗan guntun katin da za a nuna miki a kankayeri, in ya bazu a bango mai mita 4 sai ki rantse ba shi ba ne. Shi ya sa in na zaɓi kala a kati, ta kusa da ita wadda ta fi ta haske nike cewa a haɗa min.

Ɗakin kwana nan na fi tsayawa, dan nan ne mutum ke kai gajiyarshi. Shuɗi mai haske kamar sama da hantsi, ko tsanwa mai ɗan toka-toka irin ganyen gawo, su biyun ban taɓa ganin wadda ta yi nadamarsu ba. Amare kuwa ruwan hoda suke so ko shunayya, ban hana ba, amma ƴar uwa ki tuna ba ke kaɗai za ki kwana ciki ba, kuma gado da armuwar da zanen gado da rido duk suna zuwa da tasu kala. Ɗiyar yayata ta nace sai ruwan hoda, munka yi sulhu: bangon da ke bayan gado kaɗai anka yi wa, shi ma mun kashe shi da fari, sauran ukun ruwan madara. In ta kwanta ma ba ta ganinshi, sai wanda ya shigo. Wannan dabarar ta bango ɗaya ita ce mafita ga duk wadda ranta ya biya da kala mai ƙarfi, ki ba ta bango guda, kuma ba wanda rana ke duka ba.

Salon kuma wurin hira ne, wurin suna da gaisuwa da shan shayi, yana son ɗan ɗumi ba sanyin asibiti ba. Ruwan madara, ruwan yashi, ruwan ƙasa mai haske, su ke sa fuskar mutane ta yi kyau a zauna a daɗe. Ruwan toka da ya cika gari yanzu, a hoto yana da kyau, amma in kinka haɗa shi da farin karo da farin ampul sai salon ya koma kamar buro, baƙo ya zauna a ɗarare kamar ya zo neman takarda. In dole sai shi, to ki nemi mai ɗan ruwan ƙasa a ciki, ki sa tapi ko matasai masu ja ko ruwan goro su farkar da shi.

Ɗakin yara kar ki biye wa masu cewa a zuba kala bakwai, kayan wasansu da littattafan lekol sun isa hayaniya. Tsanwa mai haske ko rawaya mai laushi, shi ke nan. Madafa da dush kuwa haske kawai suke so da abin da ke wankuwa.

Sai maganar fari tas. Ni ma ina son shi, yana buɗe ɗaki ya sa ƙarami ya yi kamar babba. To amma a Yamai muke, ƙasarmu ja ce, daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na shigo da ƙura ta ko'ina ko kin rufe taga, ga iskar da ke tasowa gaban hadari farkon damina. Farin bango wata nawa zai yi kafin ya fara ja-ja wajen taga da bayan ƙofa da inda yara ke dafawa? Kuma bango mai dauɗa shi ma yana ɓata rai, kullum kina kallonshi kina jin kamar ba ki yi shara ba. Ruwan madara da ruwan yashi suna haɗiye ƙurar nan dan kusan jininsu ɗaya. Farin ki bar wa plafon, can ne yake aikinshi, yana ɗaga ɗaki sama. Iyayenmu a Adar ba su yi karatun wannan ba amma dubi ɗakunansu, bango kalar ƙasa ko an shafe shi da farar ƙasa, sai jeren kwanoni da tasoshi da tabarmi su ne ke ɗauke da ja da kore da shuɗi. Bango ya yi shiru kaya su yi magana, mu ne munka juya abin.

Turawa masu tsara gida suna da wani lissafi da ya yi kama da wannan, 60, 30, 10. Kashi 60 kala mai sanyi wadda ta fi yawa, wato bango, 30 ta biyu kamar rido da kujeru, 10 kuma mai ƙarfin, matasai, fulawa, wani ɗan hoto. Ba aya ba ce, amma tana hana mutum wuce gona da iri. Kuma tunda mu kujeru da rido sau da yawa sun riga fenti zuwa, kayan gara ne ko na jere an riga an saya, to ki ɗauki matashi ɗaya ko guntun yadin rido ki tafi da shi Katako ko duk inda za ki sayi fentin. Fenti ne ke bin kaya, sauya bokiti ya fi sauya kujeru sauƙi.

Kar ki manta ampul, dan rabin zamanmu a ɗaki da dare ne. Ki duba kwalinshi akwai lamba da harafin K. Mai 6500K shi ne farin nan mai ɗan shuɗi da ya cika kasuwa, yana sa ruwan madara ya koɗe, shuɗi kuma ya ƙara sanyi hal ya yi yawa. Mai 2700K ko 3000K haskenshi rawaya-rawaya ne kamar na fitilar ƙwai, shi ya dace da ɗakin kwana da salon. Mai 4000K tsaka-tsaki ne, madafa da wurin karatun yara. Na san wata maƙwabciyata da ke shirin sake fenti gaba ɗaya, ampul biyu kawai ta canza ta fasa.

In kin tsayar da kala, to gwaji. Ki sa mai fenti ya shafa kamar mita ɗaya a bango biyu, wanda rana ke bugu da wanda ke inuwa, hannu biyu ba ɗaya ba, ki bar shi ya bushe ki kalle shi kwana biyu, safe, la'asar, dare. Ɗanyen fenti da busasshe ba ɗaya ba ne, farar ƙasa ma in ta bushe haske take ƙarawa sosai. Zai ce miki Hajiya ɓata lokaci ne, ki ce Malam ka yi haƙuri ni zan zauna ciki. Kuma tunda yawanci farin fom, wato fentin ruwa, ake saye a zuba koloran a dama da hannu, ki tabbata ya haɗa na ɗakin duka a lokaci guda cikin babban mazubi, in ba haka ba bango ɗaya zai fi ɗan uwanshi duhu kuma ba ya gyaruwa sai an sake. Lita ɗaya tana shafe wajen murabba'in mita 10 a hannu ɗaya in bango sumul ne, mai kaushi ya fi haka sha, da wannan za ki iya ƙiyasta abin da za ki saya kar a yi miki cuwa-cuwa.

Fom na ruwa ne, ba ya ƙyalli, ba ya wari sosai, kala a cikinshi ta fi kwanciya. Fentin mai yana wankuwa amma yana sheƙi, kuma sheƙin na ƙara wa kala ƙarfi ya dinga mayar da hasken ampul cikin ido, ga wari kwana da kwanaki. Ni madafa da ƙofofi da ƙasan bango inda hannun yara ke kaiwa kaɗai nike sa wa. Ki kuma duba jikin gwangwanin ko an rubuta babu dalma, dan wasu fentin mai suna da ita, kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara in ya fara ɓarewa suna kaiwa baki. Sabon bangon siminti a bar shi kamar sati 4 ya bushe kafin a shafa, kuma in da hali a kauce wa tsakiyar damina, watan Agusta bango na riƙe da laima, fenti sai ya kumbura ya dinga zuba daga ƙasa.

Wadda ke haya kuma mai gida ya hana taɓa bango, rido shi ne fentinki. Ki sa dogo daga sama hal ƙasa, mai faɗi ya rufe rabin bangon, kala mai sanyi, da zanen gado da tapi da sunka dace da shi, mugun koren da kinka tarar a ɗakin zai rage baki.

Nawa salon dai bayan ƙaramar salla ta shekarar munka sake shi, ruwan yashi mai haske, ruwan goron na bar shi a matasai huɗu da wata tabarmar kaba da na rataya. Yawan koloran ɗin da anka zuba a kowane bokiti na sa mai fenti ya faɗa min na rubuta da biro a cikin murfin armuwar, ranar da yara sunka zana min mota a bango da gawayi da shi munka haɗa na faci.