Kogin Bow: Ku Fara Saninsa Daga Cikin Gari

'Yan'uwa da kuka sauka Kalgari, a lardin Albata na Kanada, kafin ku haddace lambobin bas za ku ga kogin nan da ya ratsa garin, ruwansa garai-garai. Sunansa Bow, wato baka, irin ta kwari da baka, domin a gaɓarsa 'yan asalin ƙasar suke samun abin yin baka tun kafin zuwan Turawa. Ƙaramin da ke zuba cikinsa kusa da tsakiyar gari shi ne Elbow, gwiwar hannu ke nan, kuma da wannan ma'anar mutanen Blackfoot, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, suke kiran wurin da harshensu, Mohkinstsis.

Mu mun saba da kogin da ke cika da damina, rani ya yi a shiga tsakiyarsa ana ɗibar yashi, kamar Gulbin Maraɗi. Wannan kam daban ne. Daga curin ƙanƙarar Bow da ke can ƙololuwar duwatsun Rocky yake tasowa, ya faɗa Tafkin Bow, ya bi ta Lake Louise, Banff, Canmore da Cochrane kafin ya iso gare mu. Bayan kilomita 587 daga tushensa sai ya haɗu da Kogin Oldman. Saboda haka cikarsa a watan Yuni take, lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa. A Yunin 2013 ruwan sama mai yawa ya sauka a kan wannan narkakkiyar ƙanƙara, ambaliya ta tashi mutum wajen 100,000 daga gidajensu a kudancin Albata. Idan kuna neman hayar ɗakin ƙarƙashin ƙasa kusa da kogin, ku tambayi mai gida abin da ya faru a shekarar.

Sai sanyi. Ranar da na fara ɗibar ruwansa don alwala, a tsakiyar Yuli ana rana ƙwal, ban kai ga wanke ƙafa ba yatsuna suka sandare. Ko kai ɗan Sarkin Ruwan Yawuri ne, wannan ba wurin nuna gwaninta ba ne. Za ku ga matasa suna gangarowa a kan kwalekwalen roba. Doka ce kowa ya sa rigar ceto, kuma ana cin tara. Kada kuma ku sha don kun gan shi tas, akwai ƙwayoyin cutar gudawa.

Shawarata, ku fara da hanyar ƙafa da keke da ke bin gaɓarsa a cikin gari. Ku tsallaka jar gadar nan ta Peace Bridge, ku zaga lambun Prince's Island da yara. Ba a biyan ko sisi.

In ƙafa ta saba, ku nufi Banff, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota. Gandun daji ne na gwamnati tun 1885, na farko a Kanada, kuma ana sayen takardar shiga a liƙa a gilashin mota. Daga cikin garin Banff har inda ruwa ke zubowa a Bow Falls ko Hajiya za ta taka ba wahala. Johnston Canyon, kwazazzabo ne da wani reshen kogin ke bi, kilomita ɗaya da 'yan kai zuwa zubowar farko, amma ku yi sammako, cinkoson rana sai ka ce kasuwar Kurmi. Hanyar da ke zuwa tushen kogin daga Tafkin Bow ta fi kilomita 4 zuwa kawai, kuma a Yunin 2025 dutse ya rufto a can ya kashe mutum biyu, don haka ku duba sanarwar hukumar gandun kafin ku fita.

Dajin yana da masu shi. Ku sayi feshin barkono na korar beyar (bear, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari), ku rataya shi a ƙugu, ba a ƙasan jaka ba. Ku tafi a ayari kuna hira da ƙarfi (nan dai ba sai an koya mana ba). Tsakaninku da beyar mita 100, ƙatuwar barewar nan da ake kira elk mita 30. Ragowar kilishi ko ƙashin kaza kada a bar shi a ƙasa.

Silifas da doguwar riga mai jan ƙasa a bar su a gida, a ɗauki takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi ko da bazara. A hanyar Tafkin Bow waya ba ta kamawa, sai ku rubuta lokutan salla a takarda, ku kuma faɗa wa wani inda za ku da sa'ar da za ku dawo.