Kurakuran masu neman asali da tsohuwar taswirar ƙasar Yauri da Bussa

Wanda kakanninsa suka zauna a bakin kogin Kwara ko a gungunan Yauri, wato tsibiran cikin kogin, in ya samu tsohuwar taswira sai ya ga kamar aiki ya ƙare. Ni ma haka na ɗauka, har na yi wata biyu ina neman ƙauyen kakata a inda bai taɓa zama ba.

Babban kuskure shi ne ɗora sunan da ke tsohuwar taswira a kan na Google Maps. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da gungu da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane sama da 40,000. Da yawa sun tafi da sunan garinsu zuwa sabon matsuguni. Suna ɗaya ne, amma wurin ya canza, kushewar kakanni kuwa tana ƙarƙashin tafki. Maganinsa: ka nemi taswirar da aka zana kafin 1968, ka auna daga abin da ruwa bai taɓa ba, kamar tudu ko dutse, sannan ka tambayi dattijon da ya san kufan: gabas da wane dutse kuke, tafiyar awa nawa ce a kwalekwale?

Sai shekara. Mutane kan karanta shekarar bugu su tsaya nan. Duba ƙananan rubutun da ke gefen ƙasa, inda ake faɗin lokacin da aka ɗauki hoton da aka zana taswirar da shi daga jirgin sama. Tazarar takan kai shekaru. Watan ma yana da muhimmanci, domin gungun da ya fito fili da rani yana iya nutsewa in ruwa ya cika.

Rubutun Turawa shi ma tarko ne. Bussa takan fito a matsayin Boussa. Karanta sunan da baki a gaban tsoho, kunnensa zai gyara maka.

Kada ka ce garinku ƙarya ne don ba ka gan shi ba. Tungar masunta mai bukka biyar ba kasafai take shiga taswira ba, kuma wurare masu suna Tunga da Gungu sun yi yawa, sai ka haɗa da sunan mai tungar.

In za ka Gidan Adana Tarihi na Kaduna, kada ka nema da sunan Kebbi, jihar da aka ƙirƙira a 1991. Nemi Yauri a takardun Lardin Sakkwato da na Kwantagora, Borgu kuma, ƙasar da Bussa take ciki, a na Kwantagora da Ilorin.