Babban jirgin ruwa ko ƙarami? Kurakuran da iyalai suka fi yi wajen zaɓe

Duk lokacin da dogon hutun makaranta ya matso, za ka ji magidanta a Abuja suna cigiyar tafiyar shaƙatawa ta jirgin ruwa. An je Dubai, an yi Umara da yara, yanzu ana son a ga teku, a ga duwatsun Norwe ko ƙanƙarar Alaska da ake ta gani a waya. Da dala ake biyan irin wannan tafiya, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Shi ya sa abin yake ci mini rai idan iyali suka dawo uwargida tana cewa, "To, mun dai ci abinci, yara sun sha ninƙaya, amma ba mu ga wani abin a-zo-a-gani ba." Sau da yawa tun daga zaɓen jirgi aka kuskure.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a zaɓi jirgi kafin a zaɓi hanya. Yaro ya kawo bidiyon Icon of the Seas, ya ce, "Baba, wannan za mu shiga." Jirgi ne na ban mamaki, babu musu: kamfanin Royal Caribbean ya fara aiki da shi a Janairun 2024, tsawonsa ya kusa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Sai dai daga Miami yake tashi zuwa tsibiran Karibiyan, kuma an ƙera shi ne domin hankalinka ya tsaya a cikinsa: wuraren ninƙaya, sululu, gidajen abinci, wasanni har tsakar dare. Idan abin da ake so ke nan, madalla. Amma wanda ya fito don kallon halittar Allah, tambayarsa ta farko ita ce: me nake son idona ya gani? Sai ta biyu: wane jirgi ne yake iya kai ni kusa da shi?

Girman jirgi yana hana shi shiga wurare da yawa, wani lokaci saboda yanayin wurin, wani lokaci saboda doka. Tun 1 ga Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venice. A Glacier Bay da ke Alaska, inda ake zuwa kallon ganuwar ƙanƙara tana karyewa tana faɗawa teku, manyan jirage biyu kacal ake bari su shiga a rana, kuma sai kamfanin da yake da izini, irin su Holland America da Princess. Don haka jirage biyu za su iya rubuta "Alaska" a takardar talla, ɗaya ya shiga Glacier Bay, ɗayan ko ƙofarsa bai leƙa ba. A Norwe kuwa, inda teku ke kutsawa tsakanin dogayen duwatsu, manyan jirage suna shiga mashigin Geiranger mai tsawon kilomita 15, amma akwai wasu mashigan da sun fi ƙarfinsu. Nærøyfjord a wani wuri faɗinsa bai wuce mita 250 ba, bakin Trollfjord kuwa kusan mita 100 ne. Gyaran a nan mai sauƙi ne: kada ka karanta sunan ƙasa, karanta jerin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfe nawa za a isa, da ƙarfe nawa za a tashi.

Wannan batu na lokaci mutane ba sa kula da shi, alhali shi ne zuciyar tafiyar. Jirgin da zai kwana yana tafiya ya tsaya a Geiranger da ƙarfe takwas na safe, tun wajen asuba ya shiga mashigin. A lokacin ne duwatsu ke tashi tsaye dama da hagu, hazo kwance a kan ruwa, ruwan da ake kira 'Yan'uwa Mata Bakwai yana zubowa daga can sama, har kana jin ƙararsa idan ka tsaya a buɗaɗɗen bene. Iyalin da suka raba dare a wurin wasa suna barci a wannan sa'a. Tamkar wanda ya bi Hawan Kibo da daddare ne a hanyarsa ta zuwa Jos: ya wuce wurin, amma bai gan shi ba. A tambayi ma'aikata tun da yamma ƙarfe nawa za a shiga mashigi, a tanadi rigunan sanyi a bakin gado, a tashi yara ko da suna ƙunƙuni.

Akwai kuma masu yin kuskuren ta ɗaya ɓangaren. Sun ji an ce ƙaramin jirgi ya fi kai mutum kusa da abin kallo, sai su biya ba tare da sun dubi waɗanda za su tafi da su ba. Wasu ƙananan jiragen ba sa karɓar yara sam. Jiragen teku na kamfanin Viking, masu ɗaukar mutum 930 ko sama kaɗan, sai ɗan shekara 18 zuwa sama. Waɗanda suke karɓa ma, galibi babu ɗakin wasan yara, babu masu kula da su. Ɗauki jiragen Hurtigruten da ke bin gaɓar Norwe tun 1893, yanzu daga Bergen zuwa Kirkenes, tashoshi 34. Wajen kallo ba su da na biyu, don kusan kullum ƙasa tana kusa da kai. Amma jiragen aiki ne, suna ɗaukar kaya da mutanen gari, a wasu tashoshin minti goma sha biyar kawai za su yi su wuce. Babban mutum mai son shiru zai ji daɗinsu ƙwarai. Yaro ɗan shekara shida kuwa, kwana biyu ya ishe shi kallon dutse, daga nan uwarsa ce za ta ɗauki nauyin gajiyarsa har a sauka.

Sannan ga igiyar ruwa. Yawancinmu a tudu muka tashi, ba mu san yadda jikinmu zai yi a kan teku ba sai mun shiga. Babban jirgi ya fi tsayuwa daram, ƙarami ya fi jin kaɗawar ruwa. Amma hanya ma tana da nata. Jirgin da ya tashi daga Southampton ta Ingila zuwa Norwe sai ya ƙetare Tekun Arewa, wanda ba kullum yake kwance ba, shi kuwa wanda ya tashi daga Bergen yawancin tafiyarsa a bayan tsibirai yake. Haka a Alaska: masu tashi daga Vancouver ta Kanada suna bi ta lungun da ke tsakanin tsibiri da gaɓa, masu tashi daga Seattle ta Amurka kuwa galibi ta buɗaɗɗen teku suke zagayawa. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa, ya kuma ga likita kan magani tun yana gida.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da tsofaffi. Mu ba ma tafiya mu bar iyaye, kuma hakan abin alfahari ne, to sai a yi lissafi da ƙafafunsu. Mutane suna ɗauka babban jirgi shi ne sauƙin Hajiya, tunda akwai lifta. Akwai, amma daga ɗaki zuwa wurin cin abinci za a iya yin tafiyar mita ɗari biyu, sau uku a rana, ga jiran lifta lokacin da dubban mutane suka fito a tare. Mafi wuya shi ne tashar da jirgi ba ya iya matsawa bakin gaɓa, irin Santorini ta Girka. Can nesa zai tsaya, a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage. Ka dubi yadda abin yake: ƙaramin jirgin yana hawa yana sauka da ruwa, ma'aikata biyu sun miƙo hannu, Hajiya ta riƙe zani da hannu ɗaya, jaka a ɗayan, ana jira ta daidaita taki a daidai lokacin da ruwan ya ɗago, ga layi a bayanta. Wasu tsofaffin daga sun ga haka sai su ce, "Ku je kawai, 'ya'yan nan, ni zan zauna." An biya mata kuɗin ganin gari, ta ƙare da ganinsa daga nesa. Idan iska ta yi ƙarfi ma, soke tsayawar ake yi gaba ɗaya. A jadawalin tafiya ana nuna tashoshin da ake irin wannan sauka. Mai tafiya da tsoho, ko mai keken marasa lafiya, ya ƙirga su kafin ya biya, ya kuma nemi ɗaki kusa da lifta.

A ganina, iyalin da suka haɗa kaka da jikoki sun fi dacewa da matsakaicin jirgi, mai ɗaukar mutum 1,500 zuwa 2,500. Yana da wurin yara da likita da zaɓin abinci, kuma saukarsa a ƙauye kamar Geiranger, wanda mazaunansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ba ta zama turmutsutsu irin na mutum dubu biyar. Abin da bai iya shiga ba sai a cike da ƙaramin jirgin yini: daga ƙauyen Flåm ana shiga Nærøyfjord, akwai kuma jirgin ƙasa mai hawa kilomita 20 zuwa Myrdal. A sayi tikitin waɗannan tun daga gida, don ranar da manyan jirage suka tsaya ƙarewa suke yi.

Batun ɗaki gajere ne. A tafiyar kallo, kada a yi tsimi a ɗauki ɗakin ciki mara taga. Idan kuɗi bai kai kowa ya samu baranda ba, a ɗauki guda ɗaya mai baranda a sa tsofaffi, sauran su riƙa taruwa a can. Galibin ɗakuna mutum biyu zuwa huɗu suke ɗauka, don haka mai 'ya'ya biyar ya nemi ɗakuna masu ƙofa a tsakani da wuri, ba su da yawa. Jariri sai ya kai wata shida a yawancin kamfanoni, mai juna biyu kuma ba a ɗaukarta idan cikin zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar.

Farashin da ke kan talla ma yana ruɗin mutane. Babban jirgi yakan zo da araha a farko, sai a tarar da tukwicin ma'aikata da ake cirewa kai tsaye, kusan dala 15 zuwa 20 kan kowane mutum a kowace rana, ga kuɗin intanet, ga lemo, ga yawon gari a kowace tasha. Ƙananan jirage sun fi tsada a ido, amma da yawansu sun haɗa wasu daga cikin waɗannan a ciki. A zauna da biro a tara komai na mutum nawa za a tafi, sannan a gwada.

Duk wannan lissafi banza ne idan biza ba ta samu ba, kuma a nan ne mai koren fasfo ya sha bamban da Baturen da ya yi bidiyon da ka kalla. Jirgi ɗaya zai iya buƙatar biza biyu ko uku. Daga Southampton zuwa Norwe, sai ta Birtaniya da ta Schengen, wato bizar haɗaka ta yawancin ƙasashen Turai. Alaska, sai ta Amurka da ta Kanada, domin jiragen Seattle ma suna tsayawa a tashar Kanada, kuma cewa "ba zan sauka ba" ba ta fisshe ka. A Bahar Rum, idan jirgin ya fita Turkiyya ya dawo Girka ko Italiya, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku, alhali jirgin da ya bar Miami ya zaga tsibirai ya dawo, shiga ta biyu ke nan. Dokokin nan suna canzawa, don haka a nemi bayani a rubuce daga kamfanin jirgin da ofishin jakadanci kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa. Wanda babu cikakkun takardu a hannunsa, a bakin tasha ake tsayar da shi.

Shi ya sa nakan ce wa masu fara irin wannan tafiya su dubi kusa. Kogin Nilu a Masar, tsakanin Luksor da Aswan, kwana uku ko huɗu ne, biza ɗaya, kuma EgyptAir na tashi daga Abuja zuwa Alƙahira. Jiragen can duk ƙanana ne, saboda sai sun bi ta mashigar madatsar Esna. Ruwa kwance, babu jiri, gonaki da dabino a gefe biyu, kana jin kiran sallah daga ƙauyuka. Hutun Disamba ya fi dacewa da shi, don zafin Agusta a Aswan ba na yara ba ne. A wannan hutun dai aka saba samun manyan jirage a Dubai da Doha, da na kamfanin MSC daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik. A tafi da katin rigakafin shawara.

Saura ibada da abinci, waɗanda sai an shiga jirgi ake tunawa da su. Abincin halal sai an nema a rubuce makonni kafin tafiya, kuma ba kowane kamfani ke iyawa ba. Babban jirgi ya fi yawan kifi da ganye da za a iya dogara da su, sai dai a yawancinsu akwai gidan caca da mashaya a kan hanyar da za ka bi da yara. A ƙarami zaɓin kaɗan ne, amma mai dafa abinci zai san fuskarka ya san buƙatarka. Wanda wannan ya fi damunsa ya duba jirgin Aroya na Saudiyya, da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, wanda aka tsara shi domin iyalan yankin. Alƙibla tana juyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, a duba ta kafin kowace sallah. A arewacin Norwe kuwa, a birnin Tromsø, daga ƙarshen Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa. A zauna da malami tun a Abuja a ji yadda za a yi da Magariba da Isha'i da Asuba.

Ranar tafiya, kada a sayi tikitin jirgin sama da zai sauka a ranar da jirgin ruwa zai tashi. Jinkirin awa uku a filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya isa ya sa a rasa jirgi na biyu a Istanbul ko Addis Ababa, jirgin ruwa kuma ba ya jiran kowa. A isa garin da kwana ɗaya ko biyu, a yi inshorar tafiya mai ɗauke da jinya a teku, fasfo da magungunan tsofaffi kuma su zauna a jakar hannu, domin manyan akwatuna sai da yamma ake kai su ƙofar ɗaki.