Yadda ake gano tushen ƙara a gaban a-kori-kurar da aka ƙara wa tsawo

Idan aka ɗaga a-kori-kura sama da yadda kamfani ya ƙera ta, shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba da bol-join (mahaɗin da ke riƙe ƙafar taya ya bar ta tana juyawa) da tayarod (sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya) duk sukan koma aiki a karkace, shi ya sa suke saurin cinyewa. Saboda haka, kafin ka ɗauki sifana, ka fara tantance lokacin da ƙarar take fitowa, domin shi ne zai nuna maka inda za ka duba.

Ka sami fili, ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka riƙa zagayawa a hankali. Ƙas-ƙas mai maimaituwa a kwana alama ce ta cewa mahaɗin shaf na kusa da taya ya ci, kuma sau da yawa za ka tarar robar da ke rufe shi ta yage, giris ya fantsama a kewayen. Idan kuwa kakkarwa kake ji lokacin da ka taka totur, mahaɗin shaf na ciki, wanda ke ɗaya ƙarshen nesa da taya, shi ne abin zargi. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda yake sauyawa idan ka ɗan karkata hagu ko dama, na boris ɗin taya ne, ko da yake taya mai manyan haƙora ma tana yin irin wannan kuka. Gogar da ake ji sai an karya kwana sosai ba ta wuce babbar taya da ke taɓa jikin mota ba, kuma za ka ga shaidarta a wurin.

Ƙwanƙwasa a kan gargada ta fi wuyar kamawa. Ka sa waigi a tayoyin baya, ka ɗaga gaban, ka tokare shi da abin tokara mai ƙarfi, kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da mota. Ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga: idan ta yi wasa, bol-join ne ko boris. Sannan ka kama ta hagu da dama, wanda shi ke fallasa tayarod. Daga nan ka sa ƙarfe ka ɗan banƙara kowane bushin, wato robar da ke cikin mahaɗan ƙarafan ƙafar mota, ka kuma duba 'yan sandunan sitabilaiza (ƙarfen da ke rage tangaɗin mota a kwana) da shokozoba, waɗanda sukan gaza tsawo idan an bar na asali.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wato ɗaure notin bushin alhali taya na lilo a sama. Da zarar mota ta sauka, robar sai ta murɗe ta yage, don haka sai nauyin motar ya zauna a kan tayoyinta ake ɗaure su. A ganina, canza abin da ya lalace kaɗai bai wadatar ba. Idan karkatar ta yi yawa, a rage ɗagawar ko a sa hannun sama (ƙarfen da ke riƙe ƙafar taya ta sama) wanda aka ƙera domin motar da aka ɗaga, sannan a sake saita tayoyin gaba.