Kurakuran da muke tafkawa wajen ƙera wuƙar sitenles

Jama'a, duk wanda ya saba ƙera wuƙa da sifirin ɗin mota ya ɗauka sitenles ma haka yake, a zuga wuta ya yi ja a tsoma a mai shikenan. Wallahi ba haka bane, ni kaina na yi asarar ƙarfe da gawayi ba kaɗan ba kafin na gane inda matsalar take.

Kuskuren farko tun a wajen sayen ƙarfe ake yinsa. Mutum ya shiga wajen 'yan gwangwan ya ga falle yana ta ƙyalli, na sinki ko na tankin ruwa ko tiren abinci, ya saya yana murna. To yawancin waɗannan sitenles ne mai lamba 304 ko 316, kabon ɗin cikinsu bai wuce kashi 0.08 cikin ɗari ba, kuma kabon shine ke sa ƙarfe ya ɗauki ruwa, wato ya yi tauri idan an gasa an tsoma. Ko kwana za ka yi kana gasa shi ba zai yi tauri ba. Na taɓa ɓata kwana uku a kan irin wannan, na sa mata ƙota mai kyau na goge ta tana ɗaukar ido, na kai wa wani mahauci ya gwada, yanka biyar bai cika ba bakin ya lanƙwashe, ya miƙo min ita yace "malam wannan ai ta ado ce". Ka riƙa yawo da maganaɗisu a aljihu. In bai kama ba ka bar musu kayansu. In ya kama ma ba hujja bace don 430 yana kamawa kuma shi ma ba ya tauri, shi ya sa gara ka sayi wanda aka san lambarsa: 440C, ko AEB-L na kamfanin Uddeholm wanda asali don reza aka yi shi, ko 12C27 da 14C28N na Alleima wanda kafin 2022 sashen Sandvik ne, duk 'yan Suwidin ne banda 440C. Ni ga mai farawa AEB-L nake zaɓa, yana da sauƙin wasawa kuma bakinsa ba ya saurin ɓarewa.

Sai zafin wuta, nan ne kowa ke faɗuwa. Dabarar nan tamu ta sa maganaɗisu a jikin ƙarfe idan ya daina kamawa a tsoma, tana aiki da sifirin saboda ƙarfe na sakin maganaɗisu a wajen digiri 770 na ma'aunin Celsius, shi kuma sifirin 800 da ɗan wani abu yake buƙata. Sitenles fa sai ya kai 1040 zuwa 1080, ya danganta da irinsa, kuma ba wai ya taɓa ya sauko ba, sai ya zauna a wurin kamar minti 10 har zuwa 30 don kabon ɗin da ya ƙulle da kuromiyam, sinadarin da ke hana sitenles tsatsa, ya narke ya shiga jikin ƙarfen. Yanzu fisabilillahi wa zai riƙe wutar gawayi da zuga-zugi a kan 1050 na minti 20 da ido kawai? In ta gaza wuƙa ta fito da laushi, in ta zarce ƙwayar ƙarfen ta yi gwaɓi wuƙar ta karye kamar tangaran. Maganin shine murhun lantarki mai ma'aunin zafi, ko ka kai wa masu shi su gasa maka ka biya. In babu ko ɗaya gaskiya ka tsaya a sifirin ɗinka, wuƙar sifirin da ta sha ruwa daidai ta fi sitenles ɗin da aka yi wa ban ruwa na kame-kame nesa ba kusa ba.

Kar ka sa ta tsirara a wuta kuma. Iska na cinye kabon ɗin saman, ka fito da ita da ɓawo baƙi da baki mai laushi. Ana naɗe ta ne a takardar ƙarfe ta sitenles mai lamba 309 ko 321 a ninke bakin sau biyu. Foyil ɗin kicin ba zai yi ba, alminiyam a 660 yake narkewa.

Tsoma ta a ruwa kuwa kar ma ka fara, tsagewa za ta yi. Da ka zaro ta ka matse ta tsakanin faranti biyu masu kauri na alminiyam, su zuƙe zafin kuma su hana ta karkacewa. Mai ma yana yi. Tana hucewa ka wuce da ita sanyi nan take kar ka bari sai gobe, masu hali suna amfani da busasshiyar ƙanƙara mai digiri 78 ƙasa da sifili ko ruwan naitirojin mai 196, mu kuma ko firiza ce ta fi babu.

Wasu daga nan sai su hau wasawa don ɗoki. A'a, a lokacin tana da tauri amma gautsi gare ta. A saka ta oben a 150 zuwa 200 awa biyu, ta huce, a sake awa biyu. Kar ka kai ta wajen 450 zuwa 550, a nan take rasa juriyar tsatsa, abin da ka sayi sitenles ɗin dominsa kenan.

Ramukan ƙota ka huda tun kafin wuta, bayan ta yi tauri bakin dirila kawai za ka ƙone. Ka kuma bar wa bakin kauri kamar rabin milimita. Wajen gurza na ƙarshe a injin ka ajiye bokitin ruwa a gefe, hannu babu safa, ka gurza sau ɗaya ka tsoma, da ka ga bakin ya yi shuɗi to wurin ya saki sai ka cinye shi gaba ɗaya. Kafin ka sa ƙota ka goga mata sabon magagari, in ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba ta yi, in ya ci ta, sai ta koma wuta.