Yadda Kafinta Zai Zaɓi Ma'aunin Kauri Mai Allo Ba Tare da Ya Yi Asarar Kuɗinsa Ba

Tef ya ishi mai haɗa gado ko ƙofa. Amma ranar da ka fara ƙaramin aiki a kan injin juya katako, irin su biro, marfin kwalbar turare ko ƙwayar carbi, za ka gane akwai inda tef ba ya kaiwa. Ni biro ne ya kai ni ga sayen kalifa, wato ma'aunin kaurin nan mai muƙamuƙi biyu da ɗan allo mai nuna lamba. Na sassaƙa guda shida da icen ƙirya don wani malami da zai yi kyauta da su, da ya shafa yatsa a inda ice ya haɗu da ƙarfe sai ya ce, "Malam, nan wurin yana kama hannu." Gaskiyarsa ce. Bambancin bai wuce kaurin takarda ba, amma yatsa ya ji shi.

Ga yadda nake shawartar 'yan uwana kafintocin Katsina su bi in za su saya.

Na farko, san iyakar abin da katako ke buƙata

Katako abu ne mai numfashi. Madacin da ka auna a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, ba shi za ka tarar ba a Janairu bayan hunturu ya tsotse shi. Saboda haka kada mai shago ya ruɗe ka da ma'aunin da aka yi wa masu ƙera kayan inji. Allon da ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, wato 0.01, kuma kuskurensa bai wuce 0.03 ba, ya ishe ka har ya yi saura. Yawancin na ƙarfe masu sauƙin kuɗi abin da aka rubuta a kwalinsu ke nan.

Tsawo kuma, ɗauki mai milimita 150, inci shida ke nan. Mai 200 ko 300 ya fi tsada, ya fi nauyi, kuma ba ya shiga aljihun riga.

Na biyu, ƙarfe ko roba

Akwai baƙi na roba wanda ya fi kowanne araha. Shi 0.1 yake nunawa, kuskurensa na iya kai 0.2. In aikinka duba kaurin falanki ne bayan an fito da shi daga injin goge katako, zai yi maka, kuma ba ya karce fenti. Amma ga biro bai isa ba. A irin siririn biron nan da ake huda wa rami mai milimita 7, icen da ke saura a kan bututun tagullar da ake sakawa a ramin, wajen bakin biron, bai kai milimita ɗaya ba. Kuskuren 0.2 a nan shi ne abin da yatsan mai saye zai ji. Ƙari a kan haka, bakin roba yana cinyewa in yana yawan gogar ice mai tauri irin ƙirya ko kanya. Ni dai na ƙarfen da ba ya tsatsa nake cewa a saya, ko da za a ƙara haƙurin sati biyu ana tara kuɗin.

Na uku, gwada shi a hannunka kafin kuɗi su bar aljihu

Nan ne maganar take. Kalifa biyu daga kwali ɗaya, suna ɗaya, farashi ɗaya, sai ka ga ɗaya lafiya lau ɗaya kuma ba ya tsayawa kan magana guda. Don haka ko a Babbar Kasuwar Katsina ka samu, ko ka je Sabon Gari a Kano, roƙi mai shago ya sa batir ya miƙo maka.

Goge bakin da gefen rigarka, ka rufe shi, ka ɗaga shi wajen haske. In haske yana ratsowa ta tsakanin muƙamuƙan, musamman can ƙarshen baki, ajiye shi ka ce a ba ka wani. Wannan aibi ne da ba ya gyaruwa a shagon kafinta.

Sai ka danna maɓallin sifili, ka buɗe shi har ƙarshe, ka rufe. Yi haka sau goma, wani lokaci a hankali, wani lokaci da ɗan sauri. Kowane zuwa ya kamata ya dawo 0.00, ko ya yi kusa da shi da 0.01. Wanda ke dawowa da 0.05 yanzu, anjima ya ce 0.08, ba abokin aiki ba ne. A wurina wannan gwajin ya fi duk abin da aka buga a kwali daraja, domin mai sassaƙa biro kwatanta abu biyu yake yi, ƙarfe da ice, kuma abin da yake nema shi ne ma'aunin da zai faɗi magana ɗaya a kan duka biyun.

Ka kuma tafi da abin da ka san girmansa. Kafin ka shiga kasuwa, biya wajen masu kayan babur ka sayi sabon boris mai lamba 6201. Faɗinsa na waje milimita 32 ne, ramin ciki 12, kaurinsa 10. Da wannan ɗan ƙarfen za ka gwada manyan muƙamuƙai na waje da ƙananan na sama masu auna rami. Kuma ba asara ka yi ba, ka ajiye shi a akwatin ma'aunin, duk lokacin da zuciyarka ta yi kokwanto ka sake gwadawa.

Sannan saurari hannunka. Ya kamata ya zame sumul daga farko har ƙarshe, ba ya cijewa a tsakiya, ba ya kuma girgiza in ka motsa kan gefe da gefe. Duba ɗan notin da ke kulle shi: in ka ɗaure, lambar ta tsaya inda take. Leƙa siririn ƙarfen da ke fitowa ta wutsiya, wanda ake auna zurfin rami da shi, ka tabbata bai lanƙwashe ba.

Na huɗu, tambayi batir

Mutane da yawa ba sa tuna wannan sai sun isa gida. Yawancin masu araha suna cin LR44, ƙaramin nan mai kama da maɓallin riga, wasu kuma CR2032 mai faɗi. Dukansu ana samu wajen masu gyaran agogo. Abin da ya kamata ka sani shi ne, da yawa daga cikin masu arahar nan ko ka kashe su allon kawai ke mutuwa, cikin yana ci gaba da shan wuta. Shi ya sa za ka ajiye shi wata biyu ka ɗauko ka ga lambar tana ƙiftawa. In ba kullum kake amfani da shi ba, cire batirin. In kuma ka samu SR44, girmansu ɗaya da LR44 amma ya fi shi daɗewa. Murfin batir ma abin dubawa ne. Mai noti ya fi mai zamewa, don mai zamewa in ya faɗa cikin ɗusar katako sai dai a yi haƙuri.

Na biyar, ƙura

Wanda ya yi aiki a buɗaɗɗiyar rumfa cikin hunturu a garin nan ya san ƙura ba ta neman izini. Ma'aunin nan yana karanta wasu layuka ne da ke ɓoye ƙarƙashin jikinsa, kuma gumi ko danshi ko ƙura mai laushi na sa lambar ta riƙa tsalle. In ka ga an rubuta IP54 a jiki, ma'anarsa yana jure ƙura da fantsamar ruwa. In bambancin kuɗin kaɗan ne, ɗauke shi. In da yawa ne, sayi na yau da kullum, ka riƙa goge shi da busasshen ƙyalle ka mayar akwatinsa.

Na shida, kada suna ya ɗauke maka hankali

Mitutoyo, kamfanin kayan awo na Japan, sunansa ya kai ko'ina, kuma ya cancanta. Amma jabunsa sun yi yawa. In an ce ga Mitutoyo a farashin da bai fi na sauran ba sosai, ka san da walakin. Gara marar suna da ya ci gwajin hannunka. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake ɗari-ɗari da saye ta intanet: in dole ne, ka tabbata akwai damar mayarwa, kuma ka yi duk gwajin nan ranar da ya iso.

Maɓallin sauya milimita zuwa inci kusan kowanne yana da shi, kuma yana da amfani tunda katako a wurinmu da inci ake cinikinsa, kayan biro kuma wasu da milimita suke zuwa wasu da inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne.

In ka kawo shi shago

Ga dabarar da ta gyara mini biro. Zoben ƙarfen da ake sa wa a gefen ice don nuna inda za a tsaya yana cinyewa da samfefa, don haka kada ka dogara da shi. Auna bakin ƙarfen biron kansa, ka danna sifili yana riƙe da shi. Daga nan duk lokacin da ka auna icen, lambar da ta fito ita ce abin da ya rage ka cire. In za ka shafa man ƙyalli mai kauri, sauka ƙasa da sifili kaɗan don man ya cike gurbin.

Kada ka matse baki da ƙarfi, ice mai laushi yana lotsawa ya ba ka lambar ƙarya. Kada ka ja layi a katako da bakinsa. Kuma kashe injin, ka bari icen ya tsaya cak kafin ka kai masa ma'aunin, domin in muƙamuƙin ya kama ice yana juyawa, zai iya fizge shi ya wurgo maka a fuska.