Yadda ake zagaya Kalgari da duwatsunta a kwana huɗu ba a yi asarar rana ba

Kusan duk baƙon da na tarba a filin jirgin saman Kalgari hoto ɗaya yake nuna mini a waya: tafki mai ruwa shuɗi-shuɗi kore-kore, da ƙololuwar duwatsu goma jere a bayansa. Tafkin Moraine ke nan, kuma ba a Kalgari yake ba. Garin a fili yake shimfiɗe, cikin lardin Alberta na yammacin Kanada, duwatsun Rocky kuwa sai dai a hango su ta yamma in sama ta washe. Baƙo sai ya ƙarar da kwana uku yana yawo cikin gari, ya bar tafkin sai ranar ƙarshe, ya wayi gari babu hanyar zuwa. Don haka a tsarina ranar dutse ake fara tsayarwa, sauran kwanaki su bi bayanta.

Mataki na 1: Zaɓi wata

In tafkin ya kawo ka, zo tsakanin ƙarshen Yuni da Satumba. Wanda ya zo a Mayu yana ganin ai sanyi ya wuce, ƙanƙara zai tarar a kan Tafkin Louise, maƙwabcin Moraine, hanyar Moraine kuma a rufe, don ba a buɗe ta sai wajen farkon Yuni, a sake rufewa cikin Oktoba. Launin nan da kake nema garin dutse ne mai laushi da narkakkiyar ƙanƙarar kan tsauni ke zubowa da shi cikin ruwa, sai zafi ya kankama yake fitowa sosai.

A farkon Yuli akwai bikin Stampede na kwana 10, wanda aka fara tun 1912. Ana hawan bijimai da dawakai marasa horo, wanda ya taɓa kallon hawan ƙaho zai gane abin da ke sa jama'a ihu. Sai dai kuɗin otal kan yi tashin gwauron zabo a lokacin. In ba bikin ya kawo ka ba, kauce masa. Ni Satumba na fi so.

Mataki na 2: Kama kujerar motar Moraine kafin komai

Nan ne na taɓa jin kunya, shi ya sa zan daɗe a kai.

Wata shekara yayana ya zo da iyalinsa. Na tashe su da asuba, muka cika mota da abinci, muka yi tafiyar fiye da awa biyu, muka isa mararrabar da ake kwana zuwa Moraine, sai ga shinge. Na taɓa zuwa da motata a baya, ban kuwa bincika ba. Ashe tun 2023 hukumar gandun daji ta ƙasar, Parks Canada, ta hana motocin mutane bin hanyar, saboda wurin ajiye mota ƙarami ne, cunkoso ya yi yawa. Na buɗe waya neman tikitin bas, babu ko ɗaya na ranar. Yayana bai ce komai ba sai "Ba laifi, ƙanena, Allah bai nufa ba." Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ga yadda ake yi. Hukumar tana da motocin bas da ke tashi daga babban filin ajiye motoci na wurin wasan zamiya na Lake Louise. A intanet ake yankar tikiti, kuma kashi biyu ake sakinsa. Ana sakin kashin farko tun wajen watan Afrilu, na dukan lokacin zafi. Sauran kuma ana sakinsu kwana biyu kafin ranar tafiya, da ƙarfe 8 na safe agogon Alberta. In har kana gida Najeriya ko Nijar a ranar, ƙarfe 3 na yamma ke nan a wajenka.

Abin da ke kayar da mutane ba rashin sanin lokacin ba ne, rashin shiri ne. Ƙarfe 8 ya buga, sannan mutum zai fara buɗe asusu a shafin, yana neman lambar da aka turo masa ta imel, yana lalubar katin banki cikin jaka. Kafin ya gama, kujerun safe sun tafi. Buɗe asusun tun jiya. Shiga shafin da saura minti goma. San adadin mutanenka, manya da yara, ka kuma riƙe lokaci na biyu a ranka ko da na farko ya kuɓuce. Yi amfani da katin da ka tabbata yana biya a waje, na ga wanda ya samu kujera katinsa ya ƙi.

Tikitin na awa guda ne, wato ana ba ka tazarar da za ka zo ka hau a cikinta. Kada ka zaɓi na sassafe ƙwarai in a Kalgari ka kwana, don daga gari zuwa can wajen kilomita 185 ne. Sannan tikiti ɗaya ya isa tafki biyu: akwai wata motar da ke kai da komowa tsakanin Moraine da Louise, kuɗinta na ciki. Zaɓi Moraine a farko. Louise zai jira.

In duk ka rasa, kamfanoni masu zaman kansu na kai mutane daga Banff, garin da ke cikin duwatsun a kan hanyar tafkunan, wasu ma daga Kalgari. Kuɗinsu ya ninka na hukuma nesa ba kusa ba, amma ya fi ka koma gida da labarin shinge. Masu ƙarfin gwiwa kan hau keke, hanyar a buɗe take gare su. Hawa ne na fiye da kilomita 10, ban ba mai iyali shawara ba.

Mataki na 3: Mota da takardar shiga

Ɗauki hayar mota ta ranar dutse da ranar ƙarshe kawai. A tsakiyar gari kuɗin ajiye mota zai cinye na abincinka, jirgin cikin gari da ake kira CTrain kuwa ya wadatar. Tikitin bas daban, takardar shiga gandun dajin Banff, inda tafkunan suke, daban. Ana sayar da ita a ƙofar gandun a kan babbar hanya ta 1, amma sayo ta a intanet ka huta da layi. Farashin da kake gani a kanti kuma ba shi za ka biya ba, ana ɗora harajin kashi 5 cikin 100 a wurin biya. Ka gode wa Allah, a sauran lardunan ƙasar ya fi haka.

Mataki na 4: Ranar dutse

Tashi bayan sallar asuba. Ɗauki rigar sanyi ko da a Yuli ne, Kalgari kanta ta haura mita 1,000 daga teku, tafkunan sun fi ta nisa sama, kuma hadarin yamma kan zo da ƙanƙara. A Moraine, hau tulin duwatsun da ke bakin tafkin, minti kaɗan ne, daga kansa ake ɗaukar hoton da ya kawo ka. Shi ne ma aka taɓa bugawa a bayan takardar dala 20 ta ƙasar. Tafkin Louise sunan 'yar Sarauniya Victoria ya ci, ita ɗin dai aka sa wa lardin sunanta na uku, Alberta. Kada ka hau kwalekwalen haya a can, kuɗin awa ɗaya ya isa cin abincin iyali. Bi gefen ruwa da ƙafa har jama'a su ragu.

Dabbobi ba na wasa ba ne. Dokar gandun ita ce ka bar mita 100 tsakaninka da beyar, ƙatuwar dabbar dawa mai haɗari, mita 30 tsakaninka da elk, ƙatuwar barewar nan da ke yawo har cikin garin Banff. Ba su abinci laifi ne mai tara, har da ɗan kuregen da zai zo yana roƙo. Jirgi marar matuƙi ma an hana.

A hanyar dawowa tsaya garin Banff, tsakiyar gandun da aka kafa a 1885, na farko a Kanada. In da sauran kuɗi, motar igiya na kai mutum saman Dutsen Sulphur. In hayaƙin gobarar daji ya rufe sama, riƙe kuɗinka. Kada ka yi gaggawar duhu, a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, magariba ma sai lokacin.

Mataki na 5: Cikin gari

Rana ɗaya da rabi ta isa. Lura da haruffan ƙarshen adireshi, NE, NW, SE, SW, wato arewa maso gabas, arewa maso yamma, kudu maso gabas da kudu maso yamma, don an raba garin gida huɗu kuma lambar titi ɗaya kan maimaitu. Fara daga babban ɗakin karatu da aka buɗe a 2018, shiga kyauta ne. Bi Stephen Avenue da ƙafa, gangara bakin Kogin Bow, ƙetare jar gadar nan ta Peace Bridge. Hasumiyar Kalgari ta 1968 tsayinta mita 191, akwai daɓen gilashi a sama, amma benaye sun girme ta yanzu. Ni nakan hau tudun Crescent Heights, ga gari ga duwatsu, ba ko sisi. Masu yara su tafi Heritage Park su hau jirgin ƙasa mai tururi. Abincin halal ya fi yawa a arewa maso gabas.

Mataki na 6: Ranar ƙarshe

Nufi Drumheller, wajen awa ɗaya da rabi ta arewa maso gabas. Gona ce shimfiɗe iya ganinka, sai kwatsam ƙasa ta rufta ta zama kwari. Gidan tarihin Royal Tyrrell na can, cike da ƙasusuwan dinoso, manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare, da aka tono a yankin. Yanki tikitinsa tun da wuri shi ma. Cika tankin mota kafin ka mayar da ita, in kuma ka sayi feshin korar beyar, bar wa mai masaukinka, ba a shiga jirgi da shi.